Waiwaye: Yadda sankarar hanji ta gangaro daga tsofaffi zuwa matasa

An daɗe ana ɗaukar sankarar babban hanji da dubura a matsayin cutar tsufa, wadda likita ba ya ko tunaninta idan mara lafiya bai kai shekara 50 ba, kuma cutar ƙasashe masu arziki. Likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda, ya lura cewa da wuya a gan ta a tsakanin mutanen karkarar Afirka, alhali ta zama ruwan dare a Turai da Amurka. A 1971 ya wallafa ra'ayinsa cewa bambancin yana cikin cimaka: mutanen karkara suna cin hatsi da dusarsa, da wake da ganyaye, su kuwa Turawa sun koma ga farar fulawa da sukari. Domin ya kafa hujja, har auna nauyin bayan gidan mutane ya riƙa yi, yana lissafa tsawon lokacin da abinci ke ɗauka kafin ya fita daga jiki.

Da aka yawaita gwajin leƙa hanji da na'ura mai kyamara, wanda ke ba da damar cire ƙananan tsiro tun kafin su rikiɗe su zama sankara, sai cutar ta fara ja da baya a tsakanin dattawan Amurka. Amma tun daga tsakiyar shekarun 1990 ta riƙa ƙaruwa a hankali a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 50, waɗanda ba a yi musu gwajin. A 2017 Rebecca Siegel da abokan aikinta na Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka suka nuna cewa haɗarin kamuwa da sankarar babban hanji ga wanda aka haifa wajen 1990 ya ninka na wanda aka haifa wajen 1950 sau biyu, na dubura kuwa sau huɗu. A shekara ta gaba ƙungiyar ta ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 45, kuma kwamitin ƙwararrun da ke tsara gwaje-gwajen rigakafi a Amurka ya bi sahu a 2021, watanni kaɗan bayan sankarar hanji ta yi ajalin ɗan wasan kwaikwayo na Amurka Chadwick Boseman yana da shekara 43. Wani nazari da aka wallafa a ƙarshen 2024 ya gano irin wannan ƙaruwa a ƙasashe 27 cikin 50 da aka duba, ciki har da Ingila da Chile.

Abin da masana suka fara zargi shi ne gado, musamman larurar da ake kira da sunan likita Henry Lynch, wadda ke hana jiki gyara kurakuran da ke aukuwa a ƙwayoyin halitta. Sai dai binciken da aka yi wa matasa 450 masu cutar a jihar Ohio ya nuna cewa kashi 16 cikin ɗari ne kawai suka gaji wani lahani da ke jawo sankara. Ballantana ma gado ba ya sauyawa tsakanin uba da ɗa, saboda haka dole a nemi dalilin a cikin abin da ya sauya a rayuwar waɗanda aka haifa bayan 1950.

A nan ne ake kawo ƙiba, da yawan zama wuri guda, da barasa, da taba, da cimaka. A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya naman da aka sarrafa, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, a jerin abubuwan da ke haddasa sankara, ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. A 2021 kuma wani nazari a kan ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna cewa haɗarin ya ninka ga masu shan lemon kwalba sau biyu ko fiye a rana. A ganina waɗannan dalilai suna da ƙarfi amma ba su wadatar ba, domin likitoci suna ganin matasa siririya masu motsa jiki, waɗanda ba su sha ba su busa, amma cutar ta kama su.

Shi ya sa hankali ya koma kan ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji. Wasu nau'o'in bakteriyar E. coli suna fitar da guba mai suna kolibaktin, wadda ke barin tabo na musamman a ƙwayoyin halittar bangon hanji. A watan Afrilun 2025 ayarin Ludmil Alexandrov na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya duba ƙari, wato kumburin sankara, guda 981 daga ƙasashe 11, ya tarar cewa wannan tabo ya fi yawa fiye da sau uku a jikin waɗanda cutar ta kama kafin shekara 40, idan aka kwatanta da waɗanda ta kama bayan shekara 70. Alamu sun nuna cewa ɓarnar tana faruwa ne a shekaru goma na farkon rayuwa, wato yaro na iya ɗaukar mafarin cutar tun yana firamare. Ana ci gaba da binciken ko yawan ba yara maganin kashe bakteriya da sauyin cimakarsu ne ke ba wannan nau'i damar yaɗuwa, domin samun tabon kaɗai bai isa a yanke hukunci ba.

Wani abin da ya bambanta cutar a jikin matasa shi ne wurin da take tsirowa, galibi a ɓangaren hagu na hanji ko a dubura, inda jini ke fitowa ja a bayan gida. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama, har da Najeriya, ake yawan ɗaukar ta a matsayin basir, a yi watanni ana shan jiƙo ko maganin kyamis, yayin da ciwon ciki da rama da ƙarancin jini ke ƙaruwa, har mara lafiya ya isa wurin likitan tiyata bayan ƙarin ya riga ya bazu zuwa hanta.