Buɗe ƙofa a rauta: ma'anarsa da dalilin da ke hana sabar gida fita waje

Saka manhajar saba, wadda ke miƙa shafin yanar gizo ga duk wanda ya nema, a kwamfutar gida aikin minti goma ne. A kan Ubuntu, wani nau'in Linux, umarni ɗaya ya isa: sudo apt install nginx. Ka ajiye fayil ɗin index.html a cikin /var/www/html, ka ɗauki wayar da ke kan Wi-Fi ɗin gidan, ka rubuta adireshin kwamfutar a burauza, misali 192.168.1.50, shafin zai fito. Daga nan ne mutane ke tura wa abokai adireshin, su kuma su ce babu abin da ya buɗe. Sabar lafiyarta ƙalau. Ba a buɗe mata ƙofa a rauta ba ne, wato na'urar da ke raba intanet a gidan.

Kowace na'ura a gidanka tana da adireshin cikin gida, wanda rauta ce ta ba ta. Irin waɗannan adireshi suna farawa da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, kuma ba sa aiki a wajen gida. Lambar 192.168.1.50 da ke kan kwamfutarka tana kan dubban kwamfutoci a wasu gidajen. Duniya adireshi ɗaya kawai ta sani, na rautar, wanda kamfanin intanet ya ba ka. Idan wayarka ta nemi wani shafi, rauta na rubuta wanda ya nema, amsa ta zo ta miƙa masa. Wannan tsarin shi ake kira NAT. Amma baƙon da ya zo daga waje ba tare da wani a ciki ya kira shi ba, rauta ba ta san wurin wa ya zo ba, sai ta watsar da saƙon nasa. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya da mai gadi: wanda aka aika ya dawo, an san ɗakin da zai shiga, baƙon ido kuwa sai an riga an gaya wa mai gadi ɗakin da za a kai shi.

Ƙofa a nan lamba ce, daga 0 zuwa 65535, da ke nuna manhajar da saƙo ke nema. Shafukan yanar gizo na shiga ta 80, masu makullin tsaro na HTTPS ta 443, sarrafa kwamfuta daga nesa da SSH ta 22. Buɗe ƙofa kuwa doka ce da kake rubuta wa rauta: duk abin da ya zo ta 80 da 443, a kai shi 192.168.1.50. A shafin saitin rauta za ka gan shi da sunan Port Forwarding, wasu kuma Virtual Server.

Kafin ka rubuta dokar, ka ɗaure wa kwamfutar adireshi ɗaya. Rauta na rabon adireshi ne na wucin gadi. A ɗauke wuta a dawo da ita, sabar da adireshinta ya ƙare da 50 jiya ta koma 53, dokar kuma na ci gaba da tura baƙi inda babu kowa, ko ma zuwa talabijin ɗin falo. Maganinsa yana sashen DHCP, mai rabon adireshi: ka haɗa lambar MAC ta kwamfutar, wato lambar shaidar katinta na sadarwa, da adireshin da kake so ya zama nata. Shafin saitin yawanci yana 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei kuma 192.168.8.1. Wajen rubuta dokar, a gurbin Protocol ka zaɓi TCP, ƙofar waje 80 zuwa ta ciki 80, haka ma 443. A kan kwamfutar, idan katangar tsaro ta ufw na kunne, sai ka ce sudo ufw allow 80,443/tcp. Kuma gara ka haɗa ta da rauta da kebul, kada ka bar ta a Wi-Fi.

Wajen gwaji ma ana ruɗewa. Kada ka gwada adireshin waje alhali kana kan Wi-Fi ɗin gidan, domin rautoci da yawa ba su iya mayar da saƙon da ya fita daga ciki ya dawo ciki ba. Ka kashe Wi-Fi a waya, ka kunna data, sannan ka gwada. Idan ya ƙi, ka duba da umarnin ss -tlnp ko manhajar sabar na sauraro a 0.0.0.0, wato daga ko'ina, in ka ga 127.0.0.1, kanta kawai take saurare. Idan kuma rauta biyu ce a jere, ta kamfani da wadda ka saya, to ƙofa biyu ke gabanka: ko ka buɗe a duka biyun, ko ka mayar da ta farkon gada kawai, ta riƙa miƙa komai ga ta biyun.

Sai babbar matsalar, wadda ta fi shafar mai amfani da MiFi ko rautar da ake saka wa layin waya, kuma irinsu ne suka fi yawa a Najeriya da Nijar. Adireshin IPv4, tsohon tsarin adireshin intanet, kusan biliyan 4.3 ne a duniya baki ɗaya, babban rumbun rabonsu kuma ya ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kamfanonin waya suna haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, wato sun kafa tasu babbar rautar a gaban taka. Sunan wannan CGNAT. A nan ko ka rubuta dokarka daidai har waƙafi, baƙo ba zai iso ba, domin ƙofar farko tana hannun kamfani, kai kuma ba ka da makullinta. Ganewa ba ta da wuya. Ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfani ya ba rautar, a shafin rauta, sannan ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna adireshinka na waje. In rauta ɗaya ce gare ka, kuma lambobin biyu sun bambanta, ko na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, kana bayan CGNAT. An keɓe zangon 100.64 ɗin ne musamman don wannan aikin a 2012. Starlink ma haka yake yi a tsarinsa na gida. Wannan dubawar ya kamata a fara yi tun kafin a saka komai, don ita ke nuna ko sauran wahalar na da amfani.

Wanda ya tsinci kansa a nan yana da mafita. Wasu masu ba da intanet ta kebul ɗin faiba suna sayar da adireshin waje na kanka, a biya duk wata. Tambaya ba ta cin komai. Idan layinka na ba da IPv6, sabon tsarin adireshi, kwamfutar na samun adireshin da duniya ke gani kai tsaye, sai dai baƙon da layinsa ba shi da IPv6 ba zai iso ba. Hanyar da ta fi dacewa da yawancin mutane ita ce rami: sabar ce da kanta za ta kira waje, ta riƙe layin a buɗe, baƙi su biyo ta cikinsa. Tun da daga ciki kiran ya fita, NAT ba ta hana shi. Cloudflare Tunnel na yin haka da ƙaramar manhajar cloudflared, amma don samun adireshi na dindindin sai kana da sunan yanki, wato sunan shafi naka na kanka, da ka ɗora a Cloudflare. Ana kuma iya hayar ƙaramar saba a waje a haɗa ta da ta gida da manhajar rami ta WireGuard, ko da yake wanda ya kai ga biyan hayar saba sai ya tambayi kansa me zai hana ya ɗora shafin a can gaba ɗaya.

Mai adireshin waje na gaske ma da sauran aiki, domin adireshin na iya canzawa. DuckDNS ko No-IP na ba ka suna da ke bin adireshin duk inda ya koma. Na No-IP na kyauta sai ka tabbatar da shi duk kwana 30. Takardar HTTPS kyauta ce daga Let's Encrypt, tana kwana 90, manhajar certbot kuma na sabunta ta da kanta muddin ƙofa ta 80 na buɗe. Masu rufe 80 saboda sun koma 443 sukan gane kuskurensu bayan wata uku.

Duk ƙofar da ka buɗe, na'urorin masu laluben intanet za su gano ta cikin sa'o'i, ko ba ka gaya wa kowa ba. Leƙa /var/log/nginx/access.log ka ga masu neman shafin shiga WordPress, manhajar gina shafuka, a sabar da ba ta da WordPress. Don haka kada ka taɓa zaɓin DMZ, wanda ke buɗe duka ƙofofin lokaci ɗaya. Kada ka buɗe 22 sai dole, in ka buɗe kuma ka hana shiga da kalmar sirri, ka bar fayil ɗin makullin SSH kawai, ka ƙara fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan gwada shiga. Hotunan iyali da takardun banki ba su da wurin zama a wannan kwamfutar.

Wuta kuma ta fi komai kashe sabar gida. Tsohon laftof ya fi babbar kwamfuta a nan, don batirinsa na riƙe shi in an ɗauke wuta, kuma mai cin wat 15 na shan wat-awa 360 ne a yini da dare, abin da ƙaramin sola zai ɗauka. Ka sa HandleLidSwitch=ignore a /etc/systemd/logind.conf don kada ya yi barci in an rufe murfin. Rautar ma sai ka ɗora ta a kan inbata ko ƙaramin batir, domin in ta mutu, laftof ɗin na kunne amma babu mai isa gare shi.