Neman Maido da Kuɗin Haraji a Kwangilolin Hanyoyin Gwamnati a Legas

Neman maido da kuɗin haraji shi ne buƙatar da ɗan kwangila ke shigarwa gaban gwamnati ko hukumar tara haraji domin a mayar masa da kuɗin da aka cire masa fiye da abin da doka ta wajabta, ko kuma a lissafa masa kuɗin da ya kashe a kan hanyar gwamnati a madadin harajin da ake bin sa. A Legas, inda tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suke, kuma manyan motoci ke cin kwalta dare da rana, batun ya shafi manyan kamfanoni da ƙananan 'yan kwangila baki ɗaya.

Harajin da ake cirewa tun daga tushe

Ma'aikatar gwamnati ba ta biyan ɗan kwangila kuɗinsa cif. Duk lokacin da injiniya ya sa hannu a takardar shaidar aikin da aka kammala, akanta zai zare wani kaso ya tura wa hukumar haraji da sunan mai aikin. Wannan kaso ba ƙarin haraji ba ne, kafin alƙalami ne na harajin ribar da kamfanin zai biya a ƙarshen shekara. A aikin hanya da gada a da kashi 5 cikin 100 ne. Dokar Kuɗi ta 2019 ta rage shi zuwa kashi 2.5, sannan ƙa'idojin 2024 suka mayar da shi kashi 2 ga kamfanonin cikin gida.

Matsalar ita ce ana lissafa shi ne a kan jimillar kuɗin kwangila, ba a kan riba ba. Idan siminti da rodi da gas suka tashi a tsakiyar aiki, riba ta zagwanye, abin da aka cire zai iya zarce harajin da ake bin kamfanin. Ragowar kuwa haƙƙinsa ce. Tsohuwar dokar 2007 da ta kafa FIRS, hukumar tara haraji ta tarayya, ta ce a mayar da ita cikin kwana 90 bayan an binciki littattafai an tabbatar. A aikace binciken ne ke cin lokaci, shi ya sa kamfanoni da yawa kan haƙura su bar kuɗin a asusunsu na haraji don ya biya musu na baɗi. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda ke da mazauni a Legas.

Akwai kuma VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, alhali ayyuka da dama an riga an sa musu hannu a kan tsohon farashi. 'Yan kwangila sun nemi a cike musu gibin, kuma amsar takan dogara ne da ko yarjejeniyar ta tanadi abin da za a yi idan doka ta canja.

Gina hanya a madadin biyan haraji

Ranar 25 ga Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 007, lokacin Babatunde Fashola, tsohon gwamnan Legas, yana ministan ayyuka. An tsara shi ne ya yi shekara 10, kuma ga abin da ya tanada. Kamfani zai gina ko ya gyara hanyar da gwamnati ta amince da ita da kuɗin aljihunsa, daga baya a ba shi takardar shaida ya riƙa cire kuɗin daga harajin kamfanoni har ya fanshe. Ana ɗora masa ƙari daidai da kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya tsayar da kuma kashi 2. Idan takardar ta fi ƙarfin harajinsa, zai iya sayar wa wani kamfani. An fara da kamfanoni 6, ciki har da Dangote, Lafarge, Flour Mills da kamfanin iskar gas na NLNG, a kan hanyoyi 19 a jihohi 11.

Babban misali a Legas shi ne titin Apapa zuwa Oshodi da Oworonshoki da Ojota, mai tsawon kusan kilomita 35, wanda kamfanin Dangote ya ɗauki nauyinsa a kan kimanin naira biliyan 73 a farko, aka zuba shi da kankare maimakon kwalta. Direbobin tirela da tanka 'yan Arewa da suka taɓa kwana da kwanaki a layi tsakanin Mile 2 da Tin Can, suna alwala da sallah a gefen taya, su ne shaidar abin da ramukan wannan hanya suka jawo. A 2021 kamfanin NNPC ya shiga tsarin da naira biliyan 621 a kan hanyoyi 21, har da wani sashe na titin Legas zuwa Badagry.

Masu suka suna da hujja mai nauyi. Harajin kamfanoni asusun tarayya yake shiga, a raba tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, don haka duk nairar da aka fanshe ta wannan hanya ta fita ne daga rabon kowa ba tare da ta bi ta kasafin majalisa ba. Kamfani kuma, bisa al'ada, hanyar da ke kai wa masana'antarsa zai fi so. A Fabrairu 2024 shugaban FIRS, Zacch Adedeji, ya shaida wa kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa cewa bai goyi bayan tsarin ba, domin aikin hukumarsa tara haraji ne, ba biyan kuɗin kwangila ba.

Ƙananan 'yan kwangila

Nan ne abin ya fi ciwo. Mai tifa 3 ko 4 a Agege ko Mile 12 da ke kai wa babban kamfani yashi da tsakuwa, shi ma ana zare masa kaso duk sanda aka biya shi. Idan kamfani ne mai rajista, kuɗin na tarayya ne. Idan da sunan kansa ko sunan kasuwanci yake aiki, hukumar harajin jihar Legas, LIRS, ce mai karɓa. Ba zai iya neman ko sisi ba sai yana da lambar shaidar biyan haraji. Da yawa suna ɗaukar abin a matsayin asara kawai, alhali kuɗinsu ne da za su iya nema da rasit da takardar yarjejeniya.

Dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, sun maye gurbin FIRS da sabuwar hukumar tara haraji ta ƙasa, NRS, sun kuma bai wa kamfanoni damar cire VAT ɗin da suka biya a kan injuna da ayyukan da suka saya daga wanda ake bin su.