Ruwan da ya kwana a gona asara biyu ne

Manoman rani masu shan ruwan madatsa, ku tuna cewa kogin da kuke ɗiba na jama'a da yawa ne. Kogin Kano da aka datse a Tiga a 1974, da na Challawa da aka datse a 1992, su ke haɗuwa su zama kogin Haɗejia. Daga nan ruwan ya ratsa fadamun Nguru, ya shiga Komadugu Yobe a iyakar Najeriya da Nijar, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Duk abin da aka ɓarnatar a sama, daga bakin masunci da makiyayi da manomin ƙasa aka ɗauke shi.

Sai dai mai ɓarnar shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. A zafin bazara, shukar da ta rufe ƙasa tana shan milimita 6 zuwa 8 a rana. Idan aka malala wa gona fiye da abin da ƙasarta za ta riƙe, rarar sai ta nutse, ta tafi da takin yuriya inda saiwa ba ta kaiwa, ta kuma ɗago ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da ruwan nan ya matso kamar mita ɗaya daga sama, rana za ta riƙa zuƙo shi, ya ƙafe, ya bar gishiri da kanwa. Za ka ga farin ɓawo a kan kunya, bakin ganye ya ƙone, tsiro ya fito gurbi-gurbi. Abin takaici, da yawa sai su ɗauka yunwar taki ce su ƙara zubawa, alhali takin zamani shi ma gishiri ne.

Kafin ka buɗe ruwa, tona rami zurfin taƙi ɗaya kusa da shuka, ka damƙi ƙasar. In ta dunƙule ta bar danshi a tafin hannu, jinkirta. In ta wargaje, lokaci ya yi. A daidaita gona tun wajen share fage, don kwari na shanye ruwa tudu na ƙishi. A ban ruwan kunya, toshe bakin idan ruwa ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsawonta, sauran zai ƙarasa da kansa.

Magudanar fitar da ruwa kuwa, wadda ake yawan cikewa don a ƙara fili, ita ce ran gonar. Idan a toshe take, ko an wanke gishirin da ruwa mai kyau ba shi da wurin zuwa.

Ciyawar kachalla ma ruwa mara zurfi da ba ya janyewa take so. Tana toshe hanyar ruwa, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki masu cin hatsi. A yanke ta ƙasa da saman ruwa don saiwar ta rasa iska, a maimaita sau biyu ko uku in ta toho. Kuma a yi aikin da dogon takalmin roba, domin cikin irin wannan ciyawar katantanwa mai ɗauke da tsargiya ke zama. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti a ba shi maganin praziquantel, a kuma hana yara fitsari da bahaya a bakin magudana.