Waiwaye: Faman Da Aka Yi Kafin Lotus Da Word Su Zauna A Kwamfutocin Injiniyoyi

A ƙarshen shekarun 1980, injiniya a Amurka ko Turai sau da yawa kwamfuta biyu ne a teburinsa. Babbar ta kamfanin Sun ce ko Silicon Graphics, mai aiki da babbar manhajar Unix, a kanta yake zanen inji da lissafi mai nauyi. Ƙaramar kuwa mai babbar manhajar DOS ce, ba don komai aka ajiye ta ba sai don Lotus 1-2-3 da WordPerfect, tunda da su sauran ofis ke rubuta kasafi da rahoto. Kuɗi biyu, gyara biyu, ga cinye wuri.

Tushen matsalar furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a kwamfuta. An rubuta waɗannan manhajoji don furosesar Intel, su kuwa manyan injina furosesar SPARC ko MIPS ke cikinsu, umarninsu daban. Hatta jerin bayit, wato yadda ake jera gutsattsarin lamba a ma'ajiya, ya saɓa: Intel na fara ajiye ƙaramin ɓangaren lamba, SPARC na fara da babba. Ga shi manhajojin DOS ba sa neman izini, kai tsaye suke rubutu a ma'ajiyar allo don sauri.

Kamfanin Insignia Solutions ya fito da SoftPC, wadda ke kwaikwayon kwamfutar Intel ɗungurungum da manhaja zalla. Tana aiki, amma da jan ƙafa, domin kowane umarni ɗaya na Intel sai ya ci umarni da dama, har da lissafa tutocin sakamako, wato alamomin da ke nuna yadda lissafi ya ƙare, waɗanda furosesar Intel ke samarwa da kanta. Manhajar da ke neman makullin lasisi, wato 'yar na'urar da ake sokawa a ramin firinta, kuwa, nan ake yawan cijewa.

Sun ta bi ta ƙarfe maimakon manhaja: katin SunPC mai furosesa 486 da ake sokawa a ramin SBus na cikin injin, daga baya SunPCi a 1999 mai AMD K6-2 da ma'ajiyarsa ta kansa. Faifan C, inda DOS ke ajiye kayanta, ba faifai ba ne, fayil ne guda a cikin Solaris, wato Unix ɗin Sun. Sauri ya samu, sai dai katin na tsufa cikin shekara biyu yayin da injin ke nan da ƙarfinsa.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce Wabi, manhajar da Sun ta fitar a 1993. Maimakon a kwaikwayi Windows 3.1 gaba ɗaya, sai a tare kiran da manhaja ke yi mata, kamar buɗe taga ko zana rubutu, a mayar da shi kiran X Window, tsarin nuna tagogi a Unix, da injin ke aiwatarwa da saurinsa na asali. Tunda Word da Excel a irin wannan kira suke ɓata yawancin lokacinsu, ribar ta fito fili. Abin da ya karya ta shi ne kiraye-kirayen da Microsoft ba ta bayyana a takardu ba, shi ya sa manhajoji ƙalilan kawai Sun ta ba tabbaci. Da Windows 95 ta zo da manhajojin bit 32, Wabi ba ta iya bin sawu ba.

Daga nan lamarin ya juye. Windows NT da Pentium Pro na 1995 sun ja manhajojin zane irin su Pro/ENGINEER zuwa Intel, injiniya ya samu komai a inji ɗaya. Ita Sun, a 1999 ta sayi kamfanin StarDivision na Jamus domin ta mallaki manhajar ofis ta StarOffice, sannan a 2000 ta saki lambobin da aka rubuta manhajar da su da sunan OpenOffice.org.