Dandamalin magina ba ya dawwama yadda aka kafa shi

Magina da yawa sun daɗe da ɗauka cewa dandamalin da ake kafawa a jikin gini domin aiki a sama, muddin ya ɗauki mutane jiya, to zai ɗauke su yau. Wannan kuskure ne mai cin rai, domin dandamali yana sauyawa kullum. Ruwan damina yana sassauta ƙasar da ƙafafunsa suka taka, katako yana ruɓewa ko ya tsage, kuma sau da yawa mai filasta yakan kwance abin da ya ɗaure dandamalin da bango don ya samu wurin shafe, sannan ya manta bai mayar ba. Mafi muni shi ne bulon da ake cusawa ƙarƙashin ƙafa don daidaita tsayi, wanda kan fashe ba tare da wata alama ba.

Shi ya sa dokar Birtaniya ta shekarar 2005 ta wajabta a duba dandamali kafin a fara hawansa, a sake dubawa duk kwana 7, da kuma bayan iska mai ƙarfi ko duk abin da zai iya girgiza shi.