Bututun Famfon da Ke Kwance a Cikin Kwata

Jama'ar unguwanninmu na birnin Kano da kewaye, musamman inda ake aikin titi ko gyaran magudanar ruwa, akwai maganar da mu ma'aikatan duba-gari muke so ta shiga kowane gida kafin damina ta kankama. Magana ce a kan bututun famfon da ya shigo gidanku ta cikin kwata.

Duk wanda ya saba bin lungunan Dala, Fagge, Gwale ko cikin Birni ya san abin da nake nufi. Leƙa kwatar ƙofar gida, za ka ga bututan roba uku ko huɗu kwance cikin baƙin ruwa, kowanne ya nufi gidansa. Wani an ɗaure mahaɗinsa da robar tayar keke, wani an naɗe shi da leda an ɗora masa dutse. Mai aikin famfo ya bi ta nan ne domin hanya ce a buɗe, ba sai ya fasa siminti ko kwalta ba, mai gida kuma ya samu sauƙin kuɗi. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Sai dai wannan sauƙin yana jawo wa gidaje jinyar da ta fi kuɗin aikin nesa ba kusa ba.

Ruwan da ke fitowa daga matatun Tamburawa da Challawa an tace shi, an sa masa sinadarin kulorin. A hanya yake gamuwa da ƙazanta. Lokacin da aka kawo ruwa, bututu a cike yake, ƙarfin ruwan waje yake turawa. In akwai tsaga, za ka ga yana tsartuwa cikin kwata, mutane su wuce suna cewa asarar ruwa ce kawai. To, sai an ɗauke ruwa ake shiga haɗari. Abin da ya rage a bututun zai gangara zuwa inda ya fi kwari, cikinsa ya zama wayam, sai ya fara zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar da ɗazu take fitar da ruwa. Mene ne a kewaye da shi? Ruwan wanka da na wanke-wanke, fitsari, kashin yara da aka juye daga fo, da ruwan sokawe da wasu ke sakowa kwata cikin dare idan ƙafa ta ɗauke. Wannan ƙazantar za ta kwanta a bututun yini guda ko kwana biyu, ranar da ruwa ya dawo ya turo ta har cikin bokitin uwargida. Kuma ba gidan mai tsagaggen bututun kaɗai take shiga ba, tana iya komawa babban layi ta rarrabu zuwa maƙwabta.

Masu haɗa injin jan ruwa kai tsaye da bututun gwamnati, don Allah ku ji wannan da kyau. Idan ruwa ba shi da ƙarfi kuka kunna inji, ba ruwan maƙwabci kaɗai kuke janyewa ba, kuna ƙara wa kowace tsaga da ke layin ƙarfin zuƙar ruwan kwata. Abin da ya dace shi ne ruwa ya zuba da kansa cikin tanki ko rijiyar ajiya a ƙasa, sannan inji ya ɗaga shi daga nan zuwa sama.

Lokacin aikin hanya abin ya fi muni. Katafila ba ta san inda bututun kowa yake ba. Ana haƙa ramin kwalbati a tsinke bututai da yawa a yini guda, a ɗaɗɗaure su cikin gaggawa domin kada unguwa ta rasa ruwa, washegari a zuba kankare a kansu. Abin da aka binne a haka ya binnu ke nan shekara da shekaru. Shi ya sa nake roƙon masu unguwanni da dattawa da ƙungiyoyin matasa: kada ku jira aiki ya iso ƙofar gidajenku. Da kun ga an fara awo ana kafa turaku, ku je ku sami injiniyan da ke kula da wurin, cikin mutunci, ku bi layin tare ku nuna masa inda kowane bututu ya ratsa. Ku nemi duk bututun da zai tsallaka magudana a zura shi cikin wani bututun mai kauri, a ɗaga shi sama da inda ruwan kwata ke kaiwa, kuma kada mahaɗi ya faɗo a tsakiyar kwatar. Kafin a zuba kankare wannan aikin ɗan ƙarami ne. Bayan an zuba kuwa sai an fasa, kuma da wuya a samu wanda zai yarda a fasa masa sabon aiki. Akwai ƙarin amfani: bututun da ke gicciye a gindin kwata shi ke tare leda da robar lemo har magudana ta toshe, ruwa ya koma cikin gidaje.

Ramukan da aka haƙa ba a rufe ba su ma a sa musu ido. Ruwa ɗaya zai cika su, yaro ba zai bambance rami da hanya ba. A kewaye su da igiya ko katako, a ja kunnen yara da almajirai. Irin wannan kwantaccen ruwan da rana ke duka shi sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi so, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro mai tashi. Ramin da aka gama da shi a nemi a cike shi.

Mutane kan tambaye ni, wa za mu kai wa kuka? Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa gina da kula da titunan cikin gari, magudanan ruwa, banɗakunan jama'a da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka kansilan mazaɓarku da sashen lafiya da na ayyuka na ƙaramar hukumarku suna da haƙƙin su ji, ku kuma kuna da haƙƙin ku faɗa. Babban bututun da ya fashe a titi na Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ne, tarin shara kuma akwai hukumar kwashe shara ta jiha, wato REMASAB. Shawarata ita ce ku rubuta. Maganar baki tana bin iska, amma takarda mai kwanan wata da sa hannun mai unguwa, da hoton wurin, da sunan layi, tana zama a fayil, kuma kuna da kwafin da za ku koma da shi. Ƙaramin bututun da ya taso daga babban layi zuwa gidanka kuwa, Malam, kai ka ja shi da kuɗinka, kai za ka fara gyara shi. Gidaje biyar da suka haɗa kwata za su iya haɗa kuɗi su kira mai aikin famfo ɗaya ya ɗaga musu duka a rana guda.

Ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata dama ce ta yin wannan duba. Matasanmu suna ƙoƙari wajen aikin gayya, Allah ya saka musu da alheri. Abu biyu nake so a gyara. Shebur da diga suna huda bututu ba tare da mai yasa ya lura ba, don haka a lalubi inda bututai suke kafin a fara. Sannan dagwalon da aka yaso kada a bar shi tsibi-tsibi a bakin kwata, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, abin da ya bushe kuma yara su yi wasa a kai. A yi magana da masu kwashe shara tun kafin ranar. Mai shiga kwata ya sa takalmin roba da safar hannu, in ya fito ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Abin da ya sa na dage a kan wannan magana shi ne amai da gudawa. A shekarar 2021, alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, sun nuna sama da mutum 100,000 ne aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano, Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Da yawa daga cikinmu mun yi ta'aziyya a shekarar. Ƙwayar cutar a kashin mutum take fita, ta baki kuma take shiga, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin komai alhali suna zubar da ita kwanaki. Ta wannan hanyar taifot ke bi, haka ciwon hanta mai sa shawara, wanda wani nau'insa ke da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu.

Kafin a gyara bututun, ga abin da iyayenmu mata za su riƙe. Idan aka kawo ruwa bayan an ɗauke, a bar na farko ya zuba har ya washe, a yi shara ko wankin banɗaki da shi, kada ya shiga randa. Wanda ya biyo baya ma, ko da ya yi garau, ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Na sha a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti guda, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Alif yana kwantar da dauɗa amma ba ya kashe cuta, don haka bayan alif sai an tafasa ko an sa kulorin. Ruwan 'yan garuwa ma haka za a yi masa, tunda ba ka san inda aka ɗebo ba, ba ka san ranar da aka wanke jarkar ba. Randa a rufe ta, moɗa ta zama mai mariƙi, a rataye ta, kada ta kwana a ƙasa. Mai rijiya a gida ya tuna an fi so ta yi nisan mita 30 da masai. Na san filayenmu na cikin gari ba su kai haka ba, wannan ne ma dalilin da ya sa ruwan rijiyar ke buƙatar magani kafin a sha.

Idan wani ya fara gudawa tsululu, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, da amai ko babu, kada a jira gari ya waye. Kwalara tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin sa'o'i. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: ƙullin ORS guda a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. In babu, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana tafiya asibiti ana ba shi. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Wanda ya samu kulawa da wuri, da yardar Allah, kusan kullum yana tashi.

Kuma don girman Allah kada a ɓoye. Wasu gidajen suna jin kunyar a ce kwalara ta shiga wurinsu, sai a kira mai kemis ya sa ruwa a ɗaka, maƙwabta na ci gaba da shan famfon da ya jawo ta. In kun ga gida biyu ko uku a layi ɗaya da gudawa cikin kwanaki kaɗan, ku sanar da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, ko ku kira layin NCDC na kyauta, 6232. Ku faɗi sunan unguwa da layi, mutum nawa suka kwanta, yaushe abin ya fara, da inda gidajen suke ɗiban ruwa.