Kunun Bakwit Marar Madara: Ku Daina Cika Masa Sukari

A 'yan watannin nan ina yawan ganin mutane iri biyu a ɗakin duba marasa lafiya: waɗanda madarar shanu ke kumbura musu ciki ko ta sa su gudawa, da masu ciwon sukari da aka shawarta su guji abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini. Da yawa daga cikinsu sun ji shawara sun koma karya kumallo da kunun bakwit, wata ƙwaya mai kama da hatsi da Turawa ke kira buckwheat, kuma na yaba musu, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya bar abin da bakinsa ya saba da shi. Sai dai idan masu ciwon sukarin suka dawo aka auna su, sai a tarar jiya i yau, wani lokaci ma abin ya ƙaru. In na tambayi yadda suke haɗa kunun, amsar kusan ɗaya ce: "Ai tunda babu madara, sai na ƙara sukari kafin ya shiga."

Shi bakwit ba shi da laifi a wannan magana. Ƙwaya ce ƙarama mai kusurwa uku, asalinta daga ƙasar Sin, kuma a yau Rasha da Sin ne kan gaba wajen noma shi. Mutanen Rasha da gabashin Turai sun daɗe suna dafa shi a matsayin abincin yau da kullum, a Japan kuma da garinsa ake yin taliyar soba. Ba dangin alkama ba ne, ba shi da sinadarin gulutin da ke wahalar da wasu. A giram 100 na busasshensa akwai furotin kimanin giram 13 da harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, kimanin giram 10, ga kuma maganiziyam. Wannan harzar tana cikin abin da ke sa ya daɗe a ciki, mutum ya jima bai ji yunwa ba, sukarin jini kuma ya hau a hankali. Saboda wannan amfanin muke ba da shawararsa, kuma shi ne kuke rushewa da hannunku a lokacin da kuka ɗauki gwangwanin sukari kuna zubawa ba awo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, kuma ya fi kyau ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25, ko cokalin shayi 6 ga baligi. Babban cokali biyu kacal ya cinye wannan kason. To, mutumin da ya zuba uku a kwanon kunu ɗaya tun da sassafe, sannan ya bi da shayi mai zaƙi, me ya rage masa na sauran yinin? Kada wani ya ce mini ai zuma yake sawa. Zuma tana cikin wannan lissafin, haka ma ruwan 'ya'yan itace da ake matsewa. Na gaji da jin wannan uzurin daga bakin mutanen da ke shan magani safe da yamma.

Akwai kuma sukarin da ke shigowa a ɓoye. Wasu sun bar madarar shanu sun koma garin nan fari da ake zubawa a shayi ko kofi, suna zaton sun tsira. Mafi yawan irin wannan gari sukarin gulukos ne da man girki, kuma sau da yawa akwai furotin ɗin madara a ciki, wanda haɗari ne ga wanda jikinsa ke ƙin madara kwata-kwata. Madarar waken suya ko ta kwakwa da ake sayarwa a kwali ita ma sau da yawa an riga an zaƙaƙa ta. Ku juya kwalin ku karanta abin da aka rubuta, ku zaɓi wadda ba a sa wa sukari ba, in da hali wadda aka ƙara wa sinadarin kalsiyam, tunda kun rasa wanda madara ke bayarwa. Ku girgiza kwalin kafin ku zuba, domin kalsiyam ɗin yakan kwanta a ƙasa.

Na san cewa kunun da ba madara ba sukari yakan yi salam a baki a kwanakin farko, ba na musun wannan. Amma ɗanɗano yana samuwa tun daga wurin dahuwa, ga yadda ake yi:

- A wanke kofi ɗaya na bakwit. In ɗanye ne mai launin kore-kore, a jiƙa shi ya kwana, da safe a ɗauraye yauƙin da ya fitar.
- Wanda ba a jiƙa ba, a ɗan soya shi a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tashi.
- A zuba ruwa kofi biyu da ɗan gishiri, a rufe, a rage wuta, minti 10 zuwa 15.
- A ƙara kofi ɗaya na madarar waken suya ko ta kwakwa, da kirfa ko citta, a juya har ya yi kauri.
- A sauke, a yanka rabin ayaba nunanniya ko tuffa a kai.

Zaƙin wannan rabin ayabar ya isa. Madarar kwakwa tana da maiƙo sosai, don haka a sirka ta da ruwa. Ta waken suya ce ta fi kusa da ta shanu wajen furotin. Wanda yake son ya sha shi bayan cin abinci a matsayin kayan marmari, sai ya bar shi ya huce ya sa a firiji, zai kama jikinsa ya yi kauri, kuma zai iya kwana biyu bai lalace ba. Amma a ɗebi kaɗan a ƙaramin kofi. Kiran abu kayan marmari bai ba kowa izinin dawo da gwangwanin sukari kan tebur ba. Wanda ya kasa bari lokaci guda, ya riƙa rage rabin cokali duk bayan 'yan kwanaki, harshe yana sabawa da sauri fiye da yadda kuke zato.

Iyaye mata, don Allah ku kula: ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, kuma madarar kwakwa ko ta waken suya ba ta maye gurbin nonon uwa. Yaron da kuka saba wa kunu mai zaƙi tun yana ƙarami, shi ne zai ƙi marar zaƙi idan ya girma. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar bakwit, abin da aka fi sani a Japan da Koriya, don haka wanda zai fara ci ya fara da kaɗan. In aka ga ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko wahalar numfashi, a daina nan take a garzaya asibiti. Masu ciwon sukari kuma ku ci gaba da shan maganinku yadda aka rubuta muku, ku auna sukarin jininku sa'o'i biyu bayan shan kunun, ku rubuta lambar a takarda ku zo mana da ita ranar da za ku dawo.